Kunyar Riƙe Biro a Gaban Dillali

Ma'aikacin da ba ya fitar da ko kwabo a ofis sai da rasit, shi ne zai taso daga Kano ranar Asabar, ya bi dillali gidaje biyar a Unguwar Hajji da kewayenta, a ƙasar Ƙaraye da Rogo, ya koma bai rubuta ko kalma ɗaya ba. Bayan mako biyu gidajen sun cakuɗe masa: ya ɗauki rijiyar wannan ya kai wancan, ya manta wanne ne katangarsa ta jiƙe. Daga nan sai ya koma dogaro da tunin dillali, mutumin da la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki.

Hujjar da ake kawowa ita ce kunya. Wai fito da littafi a gaban dattawa alama ce ta rashin yarda, musamman ga ɗan gari da ya dawo neman muhalli cikin danginsa. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi tsakanin muminai, ba tsakanin abokan gaba ba. Rubutu kare zumunci yake yi daga mantuwa.

Wasu kuma su ce hoton waya ya wadatar. Hoto yana nuna fenti da rufin kwano. Ba ya nuna ko gidan na gado ne da ba a raba ba, ko akwai magajiya da ke aure a Funtuwa wadda ba a nemi yardarta ba. Ba ya faɗin inda indararon maƙwabci ke zuba, ko tazarar masai da rijiya. Gidan da ya yi kyau a watan Maris yana iya zama tafki a Agusta.

Don haka kowane gida ya samu shafinsa: ranar da aka gan shi, sunan mai shi ba na dillali kaɗai ba, yadda ya mallake shi, maƙwabta ta fuskoki huɗu, kuɗin da aka fara faɗa da wanda ya faɗe shi, sai takardar da aka gani da ido. Na ƙarshen ya fi nauyi. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara. "Mai unguwa ya sani" shaida ce mai daraja, amma ba takarda ba ce. Masarautar Ƙaraye kanta an kafa ta a 2019, aka rushe ta a 2024, aka dawo da ita a daraja ta biyu cikin shekarar. Idan masarauta sukutum za ta sauya haka cikin shekara biyar, me zai sa mutum ya rataya tarin guminsa a kan tunin dattijo ɗaya?

Littafin ɗan makaranta da biro sun isa wannan aiki. Wanda ya ji nauyin fito da su a zaure, ya tuna cewa a kotu alƙali zai tambaye shi ranar da ya ba da kafin alƙalami, da wanda ya karɓa, da waɗanda suka shaida. Kunya ba ta amsa ko ɗaya.