IDON DA KE KETA BANGO: CI GABA NE KO LEƘEN ASIRI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a da idan mutum ya rufe ƙofarsa ya saki labule, to ya suturtu. Yau masana a Amurka sun samar da hanyar gane inda mutum yake a cikin ɗakinsa ba tare da kyamara ba, kuma ba sai yana riƙe da waya ko sanye da wata na'ura ba. Igiyar rediyon da na'urar Wi-Fi ke watsawa tana ratsa bango, jikin ɗan Adam kuwa galibinsa ruwa ne, yana shanye wani ɓangare nata yana mayar da wani. Daga wannan sauyi kwamfuta ke lissafa inda yake da yadda yake motsi.

A 2013 Farfesa Dina Katabi da ɗalibinta Fadel Adib na jami'ar MIT suka nuna na'urar da ke gane motsin mutane a bayan bango. A 2015 suka kai ga auna numfashi da bugun zuciya daga nesa. A wannan shekarar ce jaridar USA Today ta bayyana cewa aƙalla hukumomin tsaro 50 a Amurka sun mallaki na'urar Range-R mai irin wannan aiki, jama'a ba su da labari. Alhali tun 2001 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana 'yan sanda leƙa cikin gida da na'urar auna zafi sai da takardar alƙali. A 2025 kuma ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da ƙa'idar 802.11bf, wadda ta mayar da gane motsi wani sashe na aikin Wi-Fi kansa.

Masu tallar abin suna cewa zai gane tsohon da ya faɗi shi kaɗai a ɗaki, ya kuma gano wanda gini ya danne. Gaskiya ne. A girgizar ƙasar Nepal ta 2015 wata na'urar hukumar NASA ta gano mutum huɗu a ƙarƙashin ɓaraguzai ta bugun zuciyarsu. Ba mu jayayya da ceton rai. Abin da muke jayayya da shi shi ne zancen nan da ake yi, wai wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron a gan shi. Subhanallahi! Yaushe sutura ta zama alamar laifi? Mai wanka da ya kange bayi laifin me ya aikata?

Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta haramta binciken asirin mutane, aya ta 27 ta Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. Hadisi ingantacce cikin Bukhari da Muslim ya bayyana cewa saboda gani aka shar'anta neman izinin. To wanda ya san lokacin kwanciyarka, da ɗakin da iyalinka suke, da adadin waɗanda suka kwana a gidanka, me ya raba shi da mai leƙe ta kafar ƙofa? Mai leƙen ma ya fi sauƙi, domin ana iya kama shi. Kyamara ana ganinta a rufe ta da ƙyalle, igiyar rediyo fa?

Don haka duk wanda zai sayi na'urar intanet ta gida ya bincika ko tana gane motsi da kuma inda bayanan ke tafiya, ya kashe abin da bai buƙata. Kada magidanci ya ɗana wa iyalinsa ko baƙinsa ita a asirce, domin zato ba hujja ba ne. Malamai kuma su fahimci al'amarin tun kafin ya zama ruwan dare, rigakafi ya fi magani.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.