Jirgin yana kan kanta, saitinsa ya tafi bautar ƙasa

1/ Zare ne, yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Magana ce da masu harhaɗa ƙananan jirage masu rimot a Samaru da Sabon Gari, musamman 'yan furojet. Ra'ayina: duk wanda ya miƙa jirgi bai miƙa saitin rimot ɗinsa ba, rabin aiki ya miƙa. 🧵

2/ Mutane na ganin jirgi sai su ce ai ga fiffike, ga inji, ga farfela, ga batir, an gama. Wannan gangar jiki ce kawai. Halin jirgin yana cikin rimot: nisan da bakin fiffike zai motsa, ɓangaren da zai motsa, wane makunni ke kashe totur, da gyaran da aka yi don ya daina karkata hagu.

3/ Kuma saitin nan ba a rana ɗaya ake samunsa ba. Ka tashi jirgi, ya nutsa da hanci, ka tsince shi, ka liƙe da gam, ka rage lamba biyu, ka sake tashi. Ka hau mota zuwa Sabon Gari neman waya da gam, ka jira farfela sati uku daga waje. Duk wahalar nan lambobi ce a cikin rimot.

4/ To ga inda matsalar take. Rimot tsada gare shi, yawanci mutum ɗaya ne ke da shi a rukuni. Ya kare furojet, ya sa rimot a jaka, ya wuce bautar ƙasa. Jirgin ya zauna kan kanta yana shan ƙurar hunturu. 'Yan baya su zo su fara daga sifili, su sake faɗuwar da aka riga aka biya kuɗinta.

5/ Alhali kwashe saitin ba wani abu ba ne idan rimot ɗin mai EdgeTX ne ko OpenTX, irin RadioMaster TX16S ko FrSky Taranis. A EdgeTX na yanzu kowane jirgi fayil ɗinsa daban a katin memori, cikin folda mai suna MODELS. Ɗan ƙarami ne ƙwarai, hoton da kake turawa a WhatsApp ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

6/ Akwai manhajar kwamfuta kyauta, Companion. Ka jona rimot da kebul, ta karanto jirage duka, ka adana. In rimot ɗin da za a kai wa saitin wani samfuri ne daban, ita ce ke juya shi, ta kuma nuna maka abin da bai dace ba. Har gwaji za ka iya yi a allon kwamfuta kafin ka taɓa jirgi.

7/ Shi ya sa nake ce wa duk rukunin da ke haɗa kuɗin rimot su duba wannan kafin su duba launi da girman allo. EdgeTX manhaja ce buɗaɗɗiya, ta ɓalle daga OpenTX a 2021, kamfanoni daban-daban na amfani da ita. Spektrum ma na fitar da saiti a kati, amma tsakanin 'yan gidansu kawai.

8/ Na san me za a ce: mu FlySky FS-i6 muke da shi, shi aljihu ya iya. Gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne, yana tashin jirgi lafiya lau. Yana riƙe jirage 20 amma ba shi da katin memori. To sai a koma biro da takarda. Ka bi shafukan saitin ɗaya bayan ɗaya ka ɗauki hoto da waya. Minti goma ne.

9/ Yanzu ɓangaren da ya fi damuna, don nan ake asara. Wasu na ɗauka da zarar fayil ya shiga sabon rimot shi ke nan, a tafi fili. Wallahi a'a. Akwai abubuwan da ba sa bin fayil, a jikin rimot suke zaune.

10/ Daidaiton sanduna na kowane rimot ne shi kaɗai. Tsakiyar sandar rimot ɗina ba ita ce tsakiyar taka ba. Haka tsarin hannu: a tsari na 2 totur yana hagu, a tsari na 1 yana dama. Ka ɗauki rimot ɗin da ba ka saba ba, hannunka ya nufi sauke hanci, sai ka ji inji ya yi ƙara.

11/ Sai jerin layuka. FlySky da Futaba suna bin AETR, wato totur a layi na 3. Spektrum da FrSky sun saba da TAER, totur a layi na 1. In kana kwafa da hannu daga wannan gida zuwa wancan ba ka lura ba, sandar karkata jirgi ce za ta koma ba inji wuta. Farfela kuma ba ta san yatsan mai ita ba.

12/ Makunnai ma haka. Makunnin da ka ɗora wa kashe totur, wataƙila a ɗaya rimot ɗin babu shi, ko yana nan amma mai hawa uku ne maimakon biyu. Fayil zai shiga lafiya, rimot ba zai yi maka ihu ba, kariyar ce kawai ta tafi.

13/ Sannan ɗaurin aure. Risibar da ke cikin jirgi rimot ɗaya ta sani. Sabon rimot, sabon ɗaurin aure, kuma sai yarensu ya zo ɗaya: risibar FlySky ba ta jin yaren FrSky. TX16S mai sashen da ke jin yaruka da yawa yana taimakawa a nan. Masu ExpressLRS kuma kalmar sirri ɗaya suke sa wa duka biyun.

14/ Bayan ɗaurin auren, a sake duba saitin ko-ta-kwana, wato abin da jirgi zai yi in sadarwa ta yanke. A risiba da yawa can ciki ake adana shi. Gwajin mai sauƙi ne: cire farfela, ba inji wuta kaɗan, kashe rimot. In inji bai tsaya ba, jirgin nan bai isa fita fili ba.

15/ Kar a ɗauki wannan da wasa a garin nan. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, NCAT, tana nan tun 1964, jiragen horonsu ƙasa-ƙasa suke shawagi, duk ɗan Samaru ya san ƙararsu. Jirgin da ya ƙwace da totur a buɗe ba asarar kuɗinka kaɗai ba ce. NCAA ma na da dokar izini kan jirage marasa matuƙi, a neme ta a karanta.

16/ Akwai masu cewa ni na sha wahala, shi ma ya sha, ta haka ake koyo. Na yarda da rabin maganar. Wanda bai san dalilin kowace lamba ba bai iya ba tukuna. Amma ɓoye masa fayil ba ya koya masa komai, batir da farfela kawai yake cinye masa. Ka ba shi, ka zaunar da shi, ka tambaye shi me ya sa aka juya layi na 2.

17/ Kuma duk manhajar da muke taƙama da ita, wasu ne a wasu ƙasashe suka rubuta suka saki kyauta. Ka ci moriyar wannan sannan ka yi rowar fayil ɗin da bai kai hoto ɗaya ba? Haba malam.

18/ Don haka ga roƙona ga shugabannin rukuni da malaman da ke duba furojet: ranar miƙa jirgi a karɓi fayil ko hotunan saiti, da takarda ɗaya mai sunan rimot, samfurin manhaja, jerin layuka, aikin kowane makunni, irin batir, da inda ma'aunin nauyin jirgin yake daga gaban fiffike. A liƙa kwafi ɗaya a cikin jirgin, kusa da batir.

19/ Mai TX16S ko Taranis a Samaru ko Sabon Gari da bai taɓa kwashe saitinsa ba, ya yi magana a ƙasa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu sai mu haɗu, akwai kwamfuta mai Companion a wajena. A zo da kebul mai ɗaukar bayanai, irin na caji zalla ba ya yi.