Bita a Otal, Kwata a Cushe

Duk wanda ya tashi a unguwannin cikin ganuwa ta wajen Ƙofar Nassarawa ya san ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Su ne ke fitowa da shebur da baro su yashe kwatoci kafin ruwa ya sauka, su ne ke cike kaburburan da suka rufta, su ne kuma muke aika wa idan iska ta yaye kwanon aji. Gidan Murtala, inda Ma'aikatar Ilimi take, ga shi nan a bakin ƙofa, amma aikin ofis yana da ƙa'idarsa da lokacinsa, hadari kuwa ba ya jiran takarda. Ke nan lafiyar waɗannan ƙungiyoyi lafiyar makarantunmu ce, muna kuma da bakin magana a kan yadda ake horar da masu jagorancinsu.

Abin da ake kira horon shugabanci a yau, mu faɗi gaskiya, yawancinsa yawon buɗe ido ne. A aiko da takardar gayyata mai kujera biyu, ta shugaba da ta sakatare. Su je otal su yini cikin sanyin na'ura, a haska musu rubutun Turanci a bango, a raba jaka da takardar shaida da kuɗin mota, a ɗauki hoto. Su dawo unguwa, jakar ta zama ta makarantar yaro, takardar ta hau bangon zaure. Ma'aji, wanda kuɗin jama'a ke hannunsa, ba a gayyace shi ba. Samarin da ke shiga kwata har gwiwa ba su ma ji labari ba, sai sun ga hoton a Facebook. Badi in an sake kira, mutum biyun nan dai su ne za su koma.

Sakamakon wannan a gabanmu yake. Ƙungiya sai ta shekara goma ba ta yi zaɓe ba, domin babu wanda aka shirya ya gaji wani. Kuɗin karo-karo ana riƙe lissafinsa da ka, ranar da aka tambaya sai a ce rashin yarda ne, zumunci ya ɓaci. In Allah ya karɓi ran wanda ya kafa ta, ko ya yi ƙaura zuwa sababbin unguwanni, sai hatimi da kundin rajista su bi shi, ƙungiya ta mutu a tsaye. Mafi muni, idan kakar zaɓe ta zo, ɗan takara ba ya bukatar shawo kan mutum ɗari. Mutum biyu sun ishe shi, ga shi an riga an nuna masa su.

Masu shirya irin wannan bita za su ce kuɗi ba ya isa a tara kowa. Mun ji. To wa ya ce sai a otal? Azuzuwanmu a rufe suke ranar Asabar da yamma, da allo da benci, ba a biyan haya. Za su kuma ce wanda aka horar zai koma ya horar da saura. Wannan magana mun daɗe muna jin ta a namu bitocin na malamai, mun kuma san inda take tsayawa. Wanda ilimin ya zame masa garkuwar kujera ba ya gaggawar raba shi.

Kano ba baƙuwar wannan darasi ba ce. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya, aka kai karatu inda mutane suke, cikin harshen da suke ji, har hukumar UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. Kafin nan, a 1948, malaman makaranta irinmu, cikinsu har da Malam Aminu Kano, suka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa. Ba a otal suka koyi gudanar da taro ba. Sun koya ne ta hanyar rubuta ajanda, da yin muhawara, da ƙirga ƙuri'a a gaban kowa.

Abin da ƙungiyar unguwa take bukata ba shi da wuyar faɗi, kuma duk aikin alli ne. Yadda ake rubuta bayanin taro a karanta shi a zama na gaba. Yadda ake raba shafi gida biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita, da rasit a manne. Dalilin da ya sa ba a fitar da kuɗi daga banki da sa hannun mutum ɗaya. Tsarin mulki mai wa'adi, da takardar miƙa ragama. Yadda ake rubuta wa ƙaramar hukuma ko hukumar kwashe shara wasiƙa a kuma bi sawunta. Wannan ilimi na kowane mamba ne, domin mamban da ya iya karanta littafin kuɗi shi ne linzamin ma'aji. A kuma ware zama ga mata, waɗanda da yawansu sun riƙe adashi shekara da shekaru ba a taɓa jin kwabo ya yi ciwon kai ba, amma ba a taɓa ba su kujera a bita ba.

Laifi tudu ne, don haka bari mu taka namu. Sakatarorin waɗannan ƙungiyoyi da yawansu mu ne, malamai, saboda mu ne masu biro. Mun karɓi kuɗin motar nan, mun rataye takardun nan. Akwai cikinmu wanda ya fi shekara goma a kan kujera ɗaya bai koya wa ko yaro ɗaya rubuta bayanin taro ba, alhali koyarwa ce abincinsa. Tun watan Yunin 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a wannan jiha, ana gyara azuzuwa, amma wanda zai tsare ginin bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa shi ne mutumin unguwa, da kwamitin makaranta da yake zaune a ciki.

Muna kira ga shugabannin wannan reshe da su sa maganar a ajandar taro mai zuwa: a nemi izinin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a buɗe aji ɗaya a kowace firamare, a tuntuɓi masu unguwanni, a rubuta sunayen malaman da za su ba da Asabar huɗu kyauta. Duk mai son ya tallafa, ya kawo littattafan rubutu da alli, kuɗin otal ya riƙe abinsa. A fara kafin watan Mayu ya kama, tun kwatocin suna bushe.