Shin har yanzu akwai riba a sayen jif mai lantarki a Landan?

Tun daga ranar 2 ga watan Janairun 2026, duk mai motar lantarki da ya shiga tsakiyar birnin Landan a lokutan cunkoso sai ya sa hannu a aljihu. Hukumar sufurin birnin, TfL, ta ƙara kuɗin shiga yankin daga fam 15 zuwa fam 18 a rana, ta kuma janye yafiyar da motocin lantarki suka shafe shekaru suna morewa. Abin da ya rage musu shi ne rangwamen kashi 25 cikin 100, shi ma sai ga wanda ya yi rajistar biya kai-tsaye daga asusunsa.

Wannan sauyi ya zo ne a daidai lokacin da iyalai da dama ke sha'awar manyan motocin da ake kira jif a Najeriya da Nijar, masu ɗaukar mutum biyar zuwa bakwai da kayansu. Ga magidancin da ke da 'ya'ya huɗu a Peckham ko Barking, mota mai kujeru bakwai ba alfahari ba ce, larura ce. Tambayar da ke gabansa ita ce ko ya ɗauki mai batir, ko ya tsaya ga mai shan fetur kafin shekarar 2030, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta ce za a daina sayar da sababbin motocin da ke amfani da fetur ko dizal zalla.

Ribar tana ƙofar gida

Babban abin da ke jan hankalin masu saye shi ne arahar wuta. Sai dai arahar ba ta kowa ba ce.

Wanda ke da harabar ajiye mota a gidansa zai iya kafa na'urar caji a bango, ya jona motar da daddare a kan farashi na musamman da wasu kamfanonin wuta ke bayarwa, wanda ke kamawa ƙasa da kwabo 10 na Birtaniya a kan kowane yunit, wato irin yunit ɗin da ake saya a mitar gida. Wanda kuwa ke zaune a hawa na shida a gidajen bene na ƙaramar hukuma, ko a jerin tsofaffin gidajen da ƙofarsu ke buɗewa a bakin titi, dole ya dogara da wuraren caji na jama'a. A masu saurin cikinsu, yunit ɗaya kan kai kwabo 70 zuwa 80.

A ɗauki misalin iyalin da ke tafiyar mil 8,000 a shekara da jif mai cin yunit ɗaya a kowane mil uku. Idan a gida suke caji da daddare, kuɗin wutarsu na shekara zai tsaya a wajen fam 200. Idan a tashoshi masu sauri suke yi kullum, lissafin zai doshi fam 2,000, wanda ya zarce abin da makwabcinsu zai kashe a fetur a kan wannan tafiyar. Mota ɗaya ce, tafiya ɗaya ce, amma bambancin ya ninka kusan sau goma.

Haraji ma ya bi wannan layi. Wutar gida na ɗauke da harajin kaya na kashi 5 cikin 100, ta wuraren caji na jama'a kuma kashi 20. Ma'ana, mai gida da haraba, wanda galibi ya fi ƙarfin aljihu, shi ke biyan ƙaramin haraji. Masu fafutuka sun daɗe suna neman a daidaita biyun.

Ƙananan hukumomin Landan sun yi ƙoƙarin cike giɓin ta hanyar sanya wuraren caji a jikin turakun fitilun titi, kuma birnin ya fi kowane yanki na Birtaniya yawan wuraren caji. Farashinsu bai kai na masu sauri ba, amma a hankali suke bayar da wuta, kuma batirin babbar jif na iya kwana a jone bai cika ba. Ga kuma yiwuwar mutum ya dawo daga aiki ya tarar wani ya riga shi wurin.

Gwamnati na ɗauke hannu

Shekaru da dama, mai motar lantarki a Birtaniya ba ya biyan harajin mota na shekara. Wannan ya ƙare a ranar 1 ga Afrilun 2025. Daga ranar, sabuwar mota ta fara biyan fam 10 a shekarar farko, sannan ta koma biyan cikakken haraji kamar sauran, wanda aka sa a fam 195 a lokacin.

Inda abin ya fi shafar masu jif shi ne ƙarin harajin motoci masu tsada, wanda a 2025 aka sa a fam 425 a shekara har tsawon shekara biyar, ga duk motar da farashinta ya haura fam 40,000. Da yake batir ke sa motar tsada, jif ɗin iyali da yawa sun faɗa wannan rukuni ba tare da sun zama motocin ƙasaita ba. A kasafin kuɗin da ta gabatar a watan Nuwamban 2025, ministar kuɗi Rachel Reeves ta ɗaga iyakar zuwa fam 50,000 ga motocin lantarki. Hakan ya tserar da wasu samfuran Tesla Model Y da Skoda Enyaq, amma bai kai ga irin su Kia EV9 mai kujeru bakwai ba, wadda farashinta ya haura fam 60,000.

A cikin wannan kasafin ne kuma ta sanar da cewa daga Afrilun 2028 za a riƙa karɓar kwabo 3 a kan kowane mil da motar lantarki ta yi. Ga iyalin da aka yi misali da su, fam 240 ke nan a shekara. Dalilin a bayyane yake: duk direban da ya bar fetur, baitulmali ya rasa harajin da yake samu a kan kowace lita.

Akwai tallafin har fam 3,750 da gwamnati ta ɓullo da shi a watan Yulin 2025, sai dai na motocin da ba su wuce fam 37,000 ba ne, kuma mafi yawan manyan jif sun haura nan. Waɗanda suka fi cin gajiya su ne ma'aikatan da ke karɓar motar ta hannun kamfanin da suke yi wa aiki, inda harajin ya yi ƙasa sosai. Mai saye da kuɗinsa kuwa yana fuskantar inshora mai tsada da saurin faɗuwar darajar motar, ko da yake faɗuwar ta zama alheri ga mai neman ta hannu, musamman da yake kamfanoni da yawa na bayar da garantin shekara takwas a kan batir.

Hayaƙi ya tafi, nauyi ya zauna

Ba a musun amfanin motar ga iskar birnin. A watan Disamban 2020, wani mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya yi ajalin wata yarinya 'yar shekara tara da ke zaune kusa da wani babban titi a Lewisham. Magajin gari Sadiq Khan ya sha ambaton wannan lamari kafin ya faɗaɗa tsarin ULEZ zuwa dukkan sassan Landan a watan Agustan 2023, inda tsofaffin motoci ke biyan fam 12.50 a rana. Motar lantarki ba ta biyan wannan kuɗi, amma yana da kyau a sani cewa yawancin motocin fetur na zamani ma ba sa biya.

Abin da batir bai magance ba shi ne girma. Mazauna Landan sun daɗe suna yi wa manyan jif ba'a da sunan taraktocin Chelsea, saboda yadda masu kuɗin unguwar ke kai yara makaranta da motocin da aka ƙera don daji. Batir ya ƙara musu nauyi: Kia EV9 ta haura tan biyu da rabi, tsawonta ya ɗan wuce mita biyar, alhali gurbin ajiye mota da aka saba da shi a Birtaniya mita 4.8 ne. A titunan da aka shata tun zamanin keken doki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nauyin kuma na saurin cinye taya, kuma ƙurar taya ita ma gurɓata iska take yi.

Mafi tayar da hankali shi ne batun haɗari. Wani nazari da masana daga makarantar nazarin lafiya ta London School of Hygiene and Tropical Medicine da kwalejin Imperial suka wallafa a 2025 ya nuna cewa mai tafiya a ƙafa ko a keke da jif ta buge ya fi fuskantar mutuwa da kashi 44 cikin 100 a kan wanda ƙaramar mota ta buge. Ga yara, adadin ya kai kashi 82, saboda dogon gaban motar kan same su ne a kai ko a ƙirji. Motar da uba ya saya don kare 'ya'yansa ita ce ta fi haɗari ga 'ya'yan makwabcinsa.

Wasu biranen sun fara ɗaukar mataki. A watan Fabrairun 2024, mazauna Paris sun kaɗa ƙuri'ar ninka kuɗin ajiye manyan motocin baƙi har sau uku, kuma ba a ƙyale masu lantarki ba matuƙar sun haura tan biyu. A 2025, majalisar birnin Landan ta buƙaci magajin gari ya duba irin wannan mataki. Ikon sanya kuɗin ajiye mota a mafi yawan tituna yana hannun ƙananan hukumomi 32 na birnin ne, don haka mai shirin sayen jif a yau zai iya tarar da doka ɗaya a Lambeth, wata dabam a Bromley, tun kafin ya gama biyan bashin motar.