Daga Bencin Shago: Ƙaramin Amfilifaya da Lambar da Ke Jikin Kwali

 

Yau da tona wa kaina asiri zan fara. Shekara sama da ashirin ina sayar da kayan lantarki, amma sai bara wani ɗan akwati da bai kai girman sabulun wanki biyu ba ya kunyata ni a gaban dattawa.

Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa tana da tsohon amfilifaya, wanda mutanen nan ke kira amfili. Nauyinsa sai yaro ya ɗauko a ka, kuma in ya yi awa ɗaya yana aiki ba ka iya ɗora hannu a bayansa. Da ya mutu, shugabanmu ya kira ni ya ce, "Alhaji, kai ne ɗan gida a wannan harka, ka samo mana wani kafin taron shekara." A lokacin wani dillali ya kawo mini katon na waɗannan ƙananan da ake yi a Shenzhen ta ƙasar Sin. A jikin kwalin an rubuta Class D, an kuma rubuta wat 600 da manyan haruffa ja. Na gwada a shago, murya ta fita tas. Na kai wa shugaba, na ce, "Baba, wannan ya fi tsohon ƙarfi sau uku." Ya juya shi a hannu ya ce, "Wannan ɗan abin?" Na ce ya bar mini.

Ranar taro, mutum fiye da ɗari a tsakar gida. Aka jona makirfo, shiru, sai an kafa kunne. Na murɗa ƙara har ƙarshe, murya ta fara karcewa kamar ana yaga atamfa, can sai abin ya ɗauke gaba ɗaya. Ya dawo, ya sake ɗaukewa. A ƙarshe wani saurayi mai babbar murya aka tsayar yana maimaita abin da shugaba ke faɗa, kamar sanƙira. Ba wanda ya ce mini uffan, kuma wallahi shirun ya fi zagi ciwo. Da na koma gida uwargida ta ce, "Maigida, kai da kake hana mutane cinikin biri a sama?"

Washegari na kwashi kayan na kai wa wani mai gyaran rediyo da muka daɗe tare. Bai ko buɗe amfilifayan ba. Adaftar da ke ba shi wuta ya ɗauka, ya nuna mini rubutun da ke bayanta: bolt 12, amfiya 2. Ya ce, "Alhaji, buga lissafi." Sha biyu sau biyu, ashirin da huɗu. Ya ce, "To wat 24 ke shiga. Ta ina 600 za su fito?" Na yi shiru. Ni da nake lissafin riba da ka, wannan ɗan lissafin bai taɓa zo mini ba.

Daga ranar na zauna na koyi abin, kuma abin da na gano shi ne akwatin bai yi mini ƙarya ba. Kwalin ne ya yi, ni kuma na ɗauka na ƙara gishiri.

Bari in bayyana yadda yake aiki a taƙaice. Tsohon amfilifaya, irin wanda ake kira ajin AB, kamar mutum ne da ya riƙe famfo a rabin buɗewa yana ta daidaita shi da hannu. Wani kaso mai yawa na wutar, sau da yawa kusan rabi ko fiye, zafi yake zama. Shi ya sa ake sa masa katon ƙarfe mai haƙora a baya da taransifoma mai nauyi. Ajin D kuwa ko dai ya buɗe famfon gaba ɗaya ko ya rufe gaba ɗaya, amma da sauri na ban mamaki, kamar sau dubu 400 a cikin daƙiƙa guda. Tsawon kowace buɗewa shi ke bin muryar, sannan wasu 'yan naɗaɗɗun wayoyi a bakin fita su tace, sauti ya fito sumul. Da yake ba ya tsayawa a tsakiya, wutar da yake ɓatawa kaɗan ce, kusan kashi 90 cikin 100 na tafiya ga lasifika. Dalilin ƙanƙantarsa ke nan, da rashin zafinsa. Harafin D ɗin kuma jeri ne kawai bayan A da B da C, ba dijital yake nufi ba kamar yadda wasu masu talla ke faɗa. Dabarar ma tsohuwa ce, tun 1964 kamfanin Sinclair na Ingila ya sayar da irinsa. Abin da ya sauko da farashi shi ne yanzu an tattara kusan dukkan aikin a cikin ayisi ɗaya da bai kai farcen babban yatsa ba.

Wannan ayisin shi ya kamata ka tambaya kafin komai. Uku ne aka fi cin karo da su a kasuwanninmu. Akwai PAM8403, ɗan mitsitsi mai cin bolt 5, wat 3 kowane ɓangare, na 'yan ƙananan sifiku ne na kan tebur. Akwai TPA3116 na kamfanin Texas Instruments da ke Amurka, shi ne ya fi yawa. Masu shi sun ce yana ba da wat 50 kowane ɓangare a kan lasifika mai om 4 in an ba shi bolt 21, kuma yana karɓar wuta daga bolt 4.5 zuwa 26. Sai babban yayansu TPA3255, wanda ake haɗawa da adafta mai bolt 32 ko 48, shi ne a cikin irin su Aiyima A07 da Fosi V3. Nawa na ranar kunya TPA3116 ne, wato ko a ranar da ya fi ƙoshi bai san hanyar 600 ba.

Ga lissafin da mai gyara ya koya mini, ku riƙe shi. Ka buga bolt sau kansa, ka raba da ninki biyu na om ɗin lasifikarka. Abin da ya fito shi ne iyakar wat mai tsabta a kowane ɓangare, kuma a zahiri yakan ɗan gaza haka. Bolt 12 a kan om 8 bai wuce wat 9 ba. A kan om 4, wat 18. In ka kai bolt 24, om 8 zai ba ka kusan 36. Ashe wat 9 na kai wa dattawa a tsakar gida. Karcewar da muka ji kuwa, murya ce ta nemi wutar da babu, ɗaukewar kuma adafta ce ta gaji tana kare kanta. Kuskure na biyu, makirfo. Yawancin waɗannan akwatunan an yi su ne don waya ko kwamfuta ko talabijin. Siginar makirfo ta yi musu rauni, dole sai an sa ƙaramin miksa a tsakani.

To yaya muryarsa take in an ba shi haƙƙinsa? Nan ne na sha mamaki. Na ɗauko cajar tsohuwar kwamfutar ɗana, bolt 19, amfiya 4.74, na tabbatar bakinta da jerin wayarta sun dace, na jona shi da wasu tsofaffin sifiku na katako da suka shekara goma a ɗakin ajiya. Na sa karatu, na sa waƙoƙin Shata da na Ɗanƙwairo da na taso da su. Kalangu ya fito daban, 'yan amshi daban, har numfashin mawaƙi kana ji. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Sabon rediyo ka saya?" Na ce wanda ya kunyata ni ne. A falo ko shago, da ƙara matsakaiciya, kunnena na ɗan shekara hamsin da 'yan kai bai iya raba shi da manyan da na sayar da tsada a baya ba. Ban ce ba bambanci ko kaɗan ba, amma bambancin da ke tsakanin lasifika mai kyau da marar kyau ya ninka shi nesa ba kusa ba.

Kuma ku san wannan, don yana hana asarar kuɗi: in ka ninka wat sau biyu, ƙarar da kunne ke ji kaɗan take ƙaruwa. Sai ka ninka kusan sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninku. Saboda haka wanda ya bar wat 50 ya bi wat 100 da ƙarin kuɗi, gara ya sa kuɗin a lasifika. Shi ya sa kahon nan na masallaci ke kai murya ƙarshen unguwa da 'yan wat kaɗan, alhali ƙaramar sifika ta roba ko ka ɗura mata wuta sai dai ta ƙone.

Inda ya fi yi mana rana shi ne wajen wuta. Mu da muke zaune a garuruwan da lantarki ke zuwa ya tafi, abin da ke aiki kai tsaye da batir mai bolt 12 babbar ni'ima ce. Ba inbata, ba janareta, ba kuɗin fetur. A shagona batirin sola ɗaya ke riƙe shi daga safe har rufewa, tare da ƙwai biyu. Amma masu sola mai bolt 24 ku yi hattara. Lokacin caji batirin kan haura bolt 28, ya wuce iyakar TPA3116, kuma ƙonewarsa ba ta da gyara sai canji.

Araha dai ba ta ado, aibobinsa ma zan faɗa. Na farko, saurin kunnawa da kashewar nan tasa yana watsa ƙara a iska. Surukina da ke zaune tare da mu ba ya rabuwa da rediyonsa, gajeren zango yake kamawa don labaran safe. Ranar da na kafa akwatin a falo ya kira ni ya ce, "Ɗana, yau Landan ruwa ake yi ne?" Shuuu kawai rediyon ke yi. Sai da na matsar da akwatin nesa, na rage tsawon wayoyin sifika, sannan aka zauna lafiya. Sau da yawa ma adaftar banza ce ta fi kawo wannan ƙarar. Na biyu, masu arha sosai suna da 'yar tsuwa in ka kusantar da kunne, musamman ta Bluetooth, wasu kuma kan yi "ɗum" lokacin kunnawa. Na uku, akwai na jabu, an goge lambar ayisi ko an manne ƙarfe a kai don kada ka gani. Na huɗu, kada ka taɓa haɗa baƙaƙen wayoyin sifika biyu wuri ɗaya ko ka jona su da jikin mota, domin a wannan tsarin baƙar wayar ma tana ɗauke da wuta. Kada kuma ka jera sifiku da yawa a baki ɗaya har om ya faɗi ƙasa da 4. Mu na bakin teku kuma, iskar gishiri na cin bakunan wayoyi, sai ana gogewa.

Farashi kuwa, da yake sefa da sidi da naira kowa da rawarsa, bari in faɗa da dala. Allon tsirara marar akwati yakan zo ƙasa da dala 20. Mai akwatin ƙarfe da adafta ta kirki daga sanannun masu yi, irin su Fosi da SMSL da Aiyima, da dama suna ƙasa da dala 100 kafin kuɗin jigila da kwastan. In ka ga mai arha fiye da kima, ɗaga adaftar ka ji. In ba ta da nauyi kamar kwalin ashana, nan aka cire kuɗin.

Ga wanda zai saya don gida, ga shawarata. Karanta bayan adafta kafin gaban kwali. Tambayi sunan ayisi. Je da wayarka, ka sa karatu ko waƙar da kunnenka ya sani, ka murɗa ƙara a hankali har inda murya ta fara karcewa, wannan shi ne ƙarfinsa na gaskiya. Don falo, shago, ɗakin ɗinki ko ajin yara, TPA3116 da adafta mai bolt 19 zuwa 24 ya wadatar. Don taron fili ko biki, nemi babba, da miksa, da sifikun da aka yi don fili.

Ga 'yan uwana masu sayarwa kuma, mu baƙi ne a garuruwan mutane, jarinmu na farko shi ne a ce Bahaushen nan ba ya ƙarya. Na mayar wa ƙungiya kuɗinta, na haɗa musu wani da miksa a kan farashin da na saro. Ragowar katon ɗin kuwa na sa alƙalami na soke 600 a kowane kwali, na rubuta abin da zai iya. Wasu masu saye suna ganin ƙaramar lamba su wuce shagon gaba inda aka rubuta 1000. Ba na hana su. Amma wani tela da ya sayi ɗaya ya dawo mini da abokansa uku, kuma har yau ban ga an dawo da ko guda ba.

Shugabanmu dai bai daina tsokanata ba. Duk taro in an miƙa masa makirfo sai ya ce, "Alhaji, yau wat nawa muke da shi?" Ni kuma in ce, "Baba, daidai wanda za a ji ka."

Mai tambaya kan sifika ko batir ya aiko ta hannun edita, abin da na sani zan amsa. Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya.