Ƙwayar da Bincike Ya Tabbatar da Kwalaben Kasuwa

Duk wanda ya ga ma'aikatan lafiya suna bin gidajen Zangon Sokode suna ɗiga wa yara bitamin A a baki, ya kamata ya san cewa asalin wannan al'amari binciken wani likitan ido ne ɗan Amurka, Alfred Sommer, wanda ya tafi Indonesiya neman maganin dundumi, sai Allah cikin hikimarsa ya nuna masa abin da ya fi haka girma. Domin a 1986 ya bayyana cewa a ƙauyukan Aceh da aka ba yara ƙwayar bitamin A, mutuwarsu ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Masana da yawa suka yi inkari, har sai da aka maimaita gwajin a Navrongo ta arewacin Gana, aka sami raguwar kashi 19 cikin ɗari a 1993.

To amma kada wannan hujja ta zama dalilin gaskata kowace kwalbar "ƙarin ƙarfi" da ake tallarta a kasuwa, domin ƙiyasi ba ya inganta sai illa ta zama ɗaya: yaron ya amfana ne saboda jikinsa yana da rashin bitamin A. Da aka ba mashaya taba na Finlan sinadarin beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ƙaruwa ta yi. A ra'ayina, magidanci lafiyayye gara ya kashe kuɗinsa a manja da zogale da mangwaro.