Bar Shi, Wata Rana Zai Yi Amfani

Akwai wata magana da na tashi ina ji a gidanmu, na kuwa tabbata yawancin 'yan'uwana ɗalibai sun san ta, watau "Bar shi, wata rana zai yi amfani." Da wannan magana aka cika mana ɗakuna da tsofaffin gwangwanaye da kwalabe da tsummoki da fasassun kwanuka. Ni a ganina wannan ba tanadi ba ne, cuta ce muke kiwo da hannunmu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a hutun da ya wuce ƙanena ya zura hannu ƙarƙashin gadon kakarmu zai ɗauko mata kwano, sai kunama ta harbe shi. Daren nan ba wanda ya runtsa. Da gari ya waye muka jawo kayan waje, sai ga sheƙar ɓera har biyu, ga ƙwayoyin magani da suka daɗe da lalacewa.

To, jama'a, ɓera ba abokin zama ba ne. Shi ke kawo zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa cikin Jihar Borno ta yanzu. Ɓeran zai yi fitsari ko kashi cikin garin tuwo, mutum ya ci bai sani ba, kuma ciwon ya fi yawa da rani. Amma kada mu ɗora masa laifin duka, domin Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu muka gina masa mazauni.

Haka kuma da damina, tsohuwar taya ko gwangwanin da ya tara ruwa ya ishi sauro hayayyafa. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama sauro, irin mai kawo ciwon shawara. Da hunturu kuwa sai maganar gobara. Ɗakin da ke cike da tsumma da takarda, ga kaskon wuta, wani ma ga jarkar fetur ya ɓoye, tartsatsi ɗaya ya gama da shi. Ta ina yara da tsofaffi za su fita, alhali kaya sun tare ƙofa?

Wani zai ce ai talaka bai ga ta zubar da kaya ba, kuma tsofaffinmu da suka ga farin 1973 sun fi mu sanin zafin rashi. Wannan gaskiya ne, ba na kuwa zarginsu. Amma hatsin rumbu daban, tarkace daban. Hatsi ana cinsa kafin kaka ta kewayo, shi kuwa takalmin da ya shekara goma ƙafa ɗaya, wace rana yake jira?

Sa'an nan ya kamata mu sani, ga wasu mutane abin ya wuce ɗabi'a. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan tara kaya cikin jerin cututtukan da suka shafi tunani. Mai irin wannan ciwo, in ka zubar masa da kaya a ɓoye, ransa zai ɓaci ƙwarai, ya kuma sake tara wasu. Lallashi yake bukata da ganin likita, ba gori ba.

An yi zamanin duba-gari, an yi Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, amma ba hukumar da za ta leƙa ƙarƙashin gadon kowa. Aikin namu ne. Shawarata ita ce, kowane hutu mu nemi izinin iyayenmu mu kasa kaya kashi uku: na amfani, da na sadaka, da na sayar wa 'yan gwangwan. Abinci kuwa a sa shi cikin mazubi mai murfi.

Mu dai kwana huɗu muka yi muna rarrashin kakarmu kafin ta yarda. Da kuɗin ƙarafan muka saya mata roba mai murfi ta zuba gari. Abu ɗaya ta ƙi rabuwa da shi, tsohon rediyon marigayi kakanmu. Muka goge shi muka ɗora mata bisa kabad. Allah ya sa mu gyara, amin.